Bashin Farfela

Wata ranar Asabar cikin kaka, wani dattijon Bature ya shigo garejin da nake aiki a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, da Ford Mustang ƙirar 1966, ja wur, tana ƙyalli kamar amaryar da aka fitar daga lalle. Ya fito fuska a murtuke, ka ce rasuwa aka yi masa. Kukansa ɗaya ne. Tun da ya sa aka sunkuyar da motar, da ta kai kilomita 90 a sa'a sai madubin ciki ya kama rawa, kujera ta riƙa yi masa gurnani a ƙugu. Ya canja tayoyi huɗu, an yi musu balans har sau biyu, abin yana nan.

Na danne dariya da ƙyar. A tashar garinmu Ɗan Issa, direban da ya kawo ƙarar mota don madubi na rawa, tambayarsa za a yi ko yau ya fara riƙe sitiyari. Wajenmu muddin mota na tashi, tana tsayawa in an taka birki, to lafiyarta lau. Amma da na kwanta ƙarƙashin Mustang ɗin na ɗaga kai, sai na ga tsohuwar matsalar da na bari a rumfar kanikancin Kawu, bakin hanyar Maraɗi zuwa Katsina. Bambancin kawai, su ƙasa suka yi da motarsu, mu sama muke yi da tamu.

A nan sunkuyar da tsohuwar mota ado ne, kuma adon yana da tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin Los Anjalis ƴan asalin Meziko suka fara zuba buhunan yashi a but don mota ta yi ƙasa, su riƙa tafiya sannu-sannu kamar mai jan ciki. A 1958 jihar Kalifoniya ta hana kowane sashe na mota ya gangaro ƙasa da bakin rim. Shekara guda bayan nan wani mai suna Ron Aguirre ya ɗauko famfon mai na jirgin sama ya ɗaura wa Corvette ɗinsa, in ya hango ɗan sanda ya ɗaga ta, in ya wuce ya sauke. Sai a farkon 2024 aka ɗage wannan doka. Nan jihar da nake kuwa samari sun rungumi wani salo da ake kira tsugunon Karolina: a ɗaga gaban a-kori-kura, a bar bayanta ƙasa. Ranar da na fara ganin irinta na ɗauka buhun gero ashirin ta ɗauko, na leƙa baya na ga wayam. Kuɗi yaron ya kashe don motarsa ta yi kama da wadda ta taso daga kasuwar Jibiya da lodi. Tun 1 ga Disamba 2021 aka haramta gaba ya ɗara baya da inci 4, wajen santimita 10 ke nan, domin direban ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa.

Mu ba don ado muke taɓa tsayin mota ba. Kaya ne ke danne ta, yashi kuma na jiran cikinta. Wanda zai shiga ƙauyukan Gabi da damina, ko ya kai ruwa da mutane ramukan zinariyar da aka gano a yankinmu a 2021, dole ya ƙara wa sifirin ganye biyu ko uku, ya kai tsofaffin wurin maƙeri a bubbuga su ƙara lanƙwasa, wani lokacin a tsawaita ƙarfen da ke rataye su. Mota ta tashi tsaye kamar raƙumi, mai ita ya ji daɗi. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, duk wanda ya canja tsayin mota, sama ko ƙasa, ya ci bashin farfela, kuma sai ya biya.

Garinmu na kan iyaka, don haka kusan kowane ƙarfen mota suna biyu gare shi. Wanda ya yi koyo a Katsina ya ce farfela, wanda ya yi a Maraɗi ya ce kardan. Wannan ya ce kuros, wancan ya ce kuruwaziyon. Kardan ɗin ma sunan mutum ne, Gerolamo Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16. Farfela dai ita ce doguwar sandar da ke ɗaukar ƙarfi daga giyabos ta kai wa aksil na baya, kuros kuma shi ne gwiwar da ke kowane ƙarshenta, wadda ke ba ta damar juyawa ko da ba a miƙe take ba. Wannan gwiwa tana da wani hali da Robert Hooke na Ingila ya lura da shi tun ƙarni na 17: in tana lanƙwashe, ba ta miƙa juyi daidai wa daida. Cikin kowane zagaye ɗaya takan yi sauri sau biyu, ta yi jinkiri sau biyu. Dabarar masu ƙera mota ita ce a sa kuros na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla. Hakan ba ya yiwuwa sai lanƙwasar biyun ta zo ɗaya, kunnuwansu kuma suna kan layi guda. Masu ƙera kuros suna son kowace lanƙwasa kada ta wuce digiri 3, tazarar da ke tsakanin biyun kada ta kai sama da digiri 1, kuma kada ta miƙe sam, a bar ko rabin digiri ne don ƙananan allurai na ciki su riƙa motsi suna shan giris. Da ka ɗaga mota ko ka sauke ta, wannan lissafi ya rikice.

Kawu bai taɓa jin sunan Hooke ba, amma na ga abin da yake yi da kunne wanda har yau ban ga Bature ya yi ba. Yakan sa direba ya ja mota zuwa wajen Madarunfa, shi kuma ya kwanta a bayan a-kori-kura, kunci a kan ƙarfe, ido rufe. In an dawo sai ya dube ni.

"Ɗan nan, ina ka ji ta? Ga hannu ko ga mazauni?"

"Ga mazauni, Kawu."

"To baya ce. Jijjiga take ko gurnani?"

Da na zo nan na iske wannan tambaya tasa a rubuce cikin littattafai, da lambobi. Taya a gudun kilomita 100 tana zagayawa kamar sau 14 a daƙiƙa, shi ya sa tata rawar jijjiga ce da za ka iya ƙirgawa. Farfela kuwa ta ninka taya sauri sau uku zuwa huɗu, don haka tata gurnani ne mai sa madubi ya dushe. Kawu yakan ce Fijo 404 da 504 ne suka sangarta makanikan zamaninsu, domin farfelarsu a cikin bututu take, ba ruwanta da dutse ko laka. Ita 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna har cikin shekarun 2000, ta yi wa hanyar Katsina bauta ba kaɗan ba. Da Toyota suka cika gari da farfela a fili, mai kuros biyu ko uku da boris a tsakiya, sai aikin ya koma na kunne da dace.

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta garejin da nake. Maigidana na nan ba shi da rabin kunnen Kawu, amma yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: abu ɗaya ake taɓawa, a gwada, a rubuta, sannan a taɓa na gaba. Da Mustang ɗin dattijon haka muka bi. Muka taka totur tana tsaye, shiru, injin ya fita daga zargi. Muka hau babbar hanya, ta fara gurnani, na saki giya ta tafi da kanta, gurnanin ya ragu sosai. Na sake taka mai, ya dawo. Rawar da ba ta damu da ko kana taka mai ko ka saki ba, yawanci rashin balans ne. Wadda ke ƙaruwa in injin na ja, lanƙwasa ake tuhuma. Sai muka ɗora ta kan dandamalin da ke ɗaga mota da tayoyinta, nauyinta na kansu. Wannan shi ne gishirin aikin, domin in ka ɗaga ta da jak aksil na lilo, awon da za ka samu na wata mota ce dabam. Na manna ɗan ma'aunin digiri a bayan giyabos, da jikin farfela, da bakin aksil. Kuros na gaba digiri 1.5, na baya ya kusa 5. Sabon sifirin da tubalan ƙarfen da aka cusa tsakaninsa da aksil sun juya bakin aksil ɗin. Muka sa wasu ƴan ƙarafa masu siffar bakin gatari, na digiri 3, ɗaya kowane gefe, muka ɗaure. Madubi ya tsaya cak. Ƙarafan nan biyu ba su kai kuɗin taya ɗaya daga cikin huɗun da ya zubar ba.

Kada mai karatu ya ɗauka hankali suka fi mu. Dattijon nan ranar Lahadi kawai yake fito da motarsa, in ba ruwan sama. Ko ta yi wata a gareji, tukunyarsa ba ta fasa tafasa. Direban Ɗan Issa kuwa in motarsa ta kwana a rumfar makanike, gidansa ne ya kwana da yunwa. Shi ya sa yake cewa a canja kuros, a canja boris, a juya tayoyi, duk yau, gobe kasuwa. In rawar ta tafi ba wanda ya san wanne ne ya yi magani, in ta zauna ba wanda ya san wanne ne bai da laifi. Ga kuma kayan Beljiyam da ba a san abin da suka gani a duniya ba, ga farfelar wata mota da aka yanke aka yi wa walda don ta yi daidai da tsawo, ga robar boris da aka maye da yankin tsohuwar taya. Mafi muni, a wofi muke gwada mota bayan gyara, alhali da lodi take cin abincinta. Motarmu tsayi biyu gare ta, na safe in za ta kasuwa da na yamma in ta dawo, Mustang kuwa nata ɗaya ne.

Bara ƙanena ya kira ni da dare. Ya ƙara wa Hilux ɗinsa ganye uku, cikin wata huɗu ta cinye kuros biyu.

"Yaya, ni dai na gaji. Kawu ya ce farfela ce, mai kaya ya ce kuros ɗin jabu ne."

Na ce masa ruwa ba ya tsami banza, kada ya sake sayen komai tukuna. Wayar da yake magana da ni tana iya auna digiri, na nuna masa yadda zai sa mata manhajar. Na ce ya auna sau biyu a wuri mai lebur, a wofi da kuma bayan an yi lodi, ya rubuta da alli a jikin bodi. Kafin ma a kai ga awo, Kawu ya leƙa ya ga kunnuwan farfelar ba sa kan layi. Wani yaron gareji ya zare ta don sa giris bai yi alama ba, ya mayar da ita haƙori ɗaya a goce. Aka gyara wannan kaɗai, aka gwada, rabin rawar ta tafi. Sannan awo ya nuna kuros na baya ya kai digiri 7 a wofi, da lodi kuma bai sauko inda ake so ba. Muka yanke shawarar a daidaita ta da tsayinta na lodi, tunda a nan take jan nauyi, a ɗan sauke boris na tsakiya, a sa bakin gatari tsakanin aksil da sifirin, da dogon ƙusan tsakiya.

Abu ɗaya na roƙe shi ya ƙara. Masu tseren mota a nan dokarsu ta tilasta wa masu gudu sosai sanya zoben ƙarfe kewaye da farfela ta gaba, domin in kuros na gaba ya tsinke a guje, sandar kan faɗo ta caki ƙasa ta ɗaga bayan mota. Ina yaro na ga hakan ta faru kusa da garinmu, buhuna da mutane suka watse a kwalta, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sarƙa mai kauri da ƙusa biyu sun isa su tare ta. Ya ce zai sa.

Na yi alkawarin aiko masa da bakin gatarin ta hannun wani mai zuwa Yamai. Bayan kwana uku sai ga hoto a WhatsApp: maƙerin bayan tasha ya riga ya fere guda biyu daga karyayyen ganyen sifirin, ƙanena ya ɗora waya a kai, ta nuna digiri 3. Ƙarƙashin hoton akwai muryar Kawu, da ƙarar guduma a bayansa.

"Ɗan nan, ka riƙe kuɗinka. Wayar taku abin da na faɗa shi ta faɗa, lamba kawai ta ƙara. Amma ka ce ma yaron nan ya bar min allin."