Asalin ƙwayar ungozoma a Sitokhom

Cikin Disamba wata malamar koyar da ungozomomi daga Zariya ta sauka a Sitokhom, babban birnin Suwidin, don wani taro. Kafin ƙarfe uku rana ta faɗi; azahar da la'asar da magariba suka taho a jere. Masaukin ma sai haƙuri: ɗaki ba taga, banɗaki ba buta, karin kumallo kifi mai tsami da sanyi. Wata 'yar Somaliya a unguwar Rinkebi ce ta cece ta, ta ce: "'Yar'uwa, kwaso kayanki." Ta kuma cika ta da shinkafa da shayi mai kayan ƙamshi. Malamar ta ce a nan ne kawai aka san darajar baƙo.

Abin da ya kama hankalinta yana Cibiyar Karolinska. A can Sune Bergström ya yi bincike kan sinadarin furostagilandin da ya tace daga sassan jikin raguna, aikin da ya kai shi da Bengt Samuelsson da John Vane ga kyautar Nobel a 1982. Ashe misoprostol, ƙwayar da take koya wa ɗalibanta bayarwa don hana zubar jini bayan haihuwa, kwaikwayonsa ce.

Wani masani ya zana mata yadda ƙwayar ke aiki a allo. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantanin maiƙo mai ninki biyu. Daga maiƙon nan jiki ke yanko abin da yake ƙera furostagilandin da shi, amma na jikin ba ya daɗewa, huhu ke rusa shi. Masu haɗa magani sai suka ɗan sauya masa gini don ya jure. Idan maganin ya isa mahaifa yakan sami makarɓarsa, wani furotin da ke dashe cikin tantanin. Hotunan furotin ɗin sun nuna samansa a rufe yake, shi ya sa masu bincike ke ganin maganin yana nutsewa cikin maiƙon tukuna, ya shiga ta gefe, kamar ɗan gida da ya san ƙofar baya. Sai kalsiyam ya ƙaru, tsokar mahaifa ta murɗe, jijiyoyin jini su matse.

Malamar ba ta bar wurin shiru ba. Ta gaya wa masanin cewa Najeriya ta amince da ƙwayar don wannan aiki tun 2006, kuma ba ta buƙatar firiji kamar allurar oksitosin, abin da duk wadda ta karɓi haihuwa a ƙauyen da ba lantarki ta san nauyinsa.

Sauran kwanakin taro ne da sanyi.