Tekun Gobe a Cikin Tanki

In aka ce maka ɗakin binciken teku, ƙila ka zaci wuri ne mai ƙyalƙyali. Duba hotunan irin wuraren nan da kyau, malam. Abin da ya fi yawa bututu ne. Bututu a sama, bututu a ƙasa, famfo, tankuna a jere, ga daɓe kullum a jiƙe.

Ɗauki wanda ke Cape Ferguson, kusa da birnin Townsville a arewa maso gabashin Ostireliya. Cibiyar binciken teku ta ƙasar, wadda aka kafa a 1972, ita ta buɗe shi a 2013, ana ce masa SeaSim. Daga teku ake janyo ruwan, a tace, a raba shi tanki-tanki. Wannan a bar shi yadda yake yau. Wancan a ƙara masa zafi digiri ɗaya ko biyu. Na gaba a busa masa iskar kabon har ya kai tsamin da ake hasashen teku zai yi a ƙarshen ƙarnin nan. Kwamfuta ce ke riƙe da ma'auni dare da rana. Fitilun da ke saman tankunan ma an saita su suna bin fitowar rana da faɗuwarta.

Sai a zuba halittu a ciki a sa musu ido: murjani, soson ruwa, ƙananan kifaye. A auna girmansu, a auna numfashinsu, a ƙirga waɗanda suka mutu. Abin da ake son sani bai wuce ɗaya ba, wa zai jure ruwan da ke tafe, wa ba zai jure ba.

Ba don sha'awa ake wannan wahala ba. Teku ne ke shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da hayaƙinmu ke tarawa a duniya, kuma shi ke haɗiye kusan rubu'in iskar kabon da muke fitarwa. Iskar nan in ta narke a ruwa sai ta tsamama shi. Ba tsamin da harshe zai ji ba ne. Ma'aunin, wanda ke yin ƙasa in tsami ya ƙaru, ya sauka ne daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. Kai ka ga kaɗan ne. Ga halittar da ke gina ɓawonta daga sinadarin da ke cikin ruwa, aikin ya ƙara tsada.

Murjani kuwa, dangin wanda ake yi wa mata tsakiya da shi, dabba ce, ba dutse ba. A cikin jikinta akwai wata gansakuka mitsitsiya da ke ba ta abinci da launi. In ruwa ya haura zafin da ya saba yi a bazara da digiri ɗaya kacal, ya daɗe makonni a haka, sai murjanin ya fatattaki gansakukar. Daga nan ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi.

Akwai 'yan darare a shekara da ma'aikatan SeaSim ba sa barci. Wajen watan Nuwamba, bayan cikar wata da 'yan kwanaki, murjani ke sakin ƙwayayen haihuwarsa, yawanci sau ɗaya a shekara. Kafin lokacin an riga an ɗebo shi daga teku an sa a tankuna. A kashe fitilu, kowa ya riƙe tocila mai jan haske don kada a rikita shi. A tsaya a kansa kamar mai jinya a bakin gado. Can sai ƙananan ƙwayoyi su fara ɓullowa suna tasowa saman ruwa, a bi su da kofi ana kwashewa. Da su ake gwada haɗa irin da ya fi jure zafi da wanda bai kai shi ba. In daren ya wuce ka, sai baɗi.

Amma tanki tanki ne. Babu igiyar ruwa mai ƙarfi a ciki, babu guguwa, babu yawancin abokan zama da maƙiya. Masu binciken sun san da haka, shi ya sa suke neman wuraren da ƙasa ta yi gwajin da kanta. A gefen tsibirin Ischia, kusa da Napoli a Italiya, iskar kabon na tsattsafowa daga ƙarƙashin teku saboda dutse mai aman wuta. Binciken da Jason Hall-Spencer da abokan aikinsa suka fitar a 2008 ya nuna cewa kana matsawa kusa da ramukan da iskar ke fitowa, masu ɓawo na raguwa, ciyawar ruwa na bunƙasa. Dodon koɗin da ya rage a wurin, ɓawonsa ya zaizaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tekun da ke bayan katangar SeaSim. An gina tankunan ne don a leƙa abin da zai zo nan gaba, sai ga shi tekun bai jira ba. Jerin murjanin Great Barrier Reef da ke cikin tekun nan, mai tsawon kilomita 2,300, ya yi farin nan na gama-gari a 1998, ya sake a 2002. Aka samu hutun shekara 14. Zafin 2016 kaɗai ya kashe kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin da ke ruwa mara zurfi. Farin ya sake dawowa a 2017, sai 2020, sai 2022, sai 2024. Murjani mafi saurin girma yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya farfaɗo.