Ɗaukar Hoton Furanni Ba Aikin Banza Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da sauran masu karatu, a kan wani ɗan aiki da na ɗora wa kaina yau shekara uku ke nan. Aikin kuwa shi ne ɗaukar hoton furannin lambuna da na itatuwan Katsina wata bayan wata, tare da rubuta ranar da kowane ya fito. Na san da jin haka wani zai yi murmushi ya ce wannan akawu ya rasa abin yi. Abokan aikina ma sun sha gaya mini wai sha'anin fure na Turawa ne, mu abin da za a ci mu ke nema. To, ni ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Da fari dai, abin da za a ci ɗin daga fure ya ke fitowa. Kuɓewa ba ta 'ya'ya sai ta yi fure, haka wake, haka gyaɗa. Daddawar da a ke sa wa miya daga kalwa a ke yinta, kalwa kuwa daga furen ɗorawa ta samo asali. Wanda ya raina fure ya raina mafarin abincinsa. A makarantar mishan da na yi, littafin da aka koya mana ilmin tsirrai da shi ya kasa shekara huɗu bisa ga yanayin Ingila, inda itatuwa ke fure bayan sanyi ya wuce. Muka haddace sunayen furannin da ba mu taɓa gani da ido ba, amma ba a taɓa tambayarmu watan da gawo ke fure ba, alhali ga shi nan tsaye a bayan ajinmu. Wannan giɓi na ke so mu cike da kanmu.

Babban abin da hotunan nan suka nuna mini shi ne, a ƙasarmu babu watan da ba shi da furensa. Mutane da yawa suna tsammani fure na damina ne kaɗai, amma manyan itatuwanmu galibinsu da rani su ke yi, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau. Hikimar Ubangiji a nan a fili ta ke: furen rani ya kan zama 'ya'ya, 'ya'yan su nuna su zubo daidai lokacin da ruwa ya kusa sauka, iri ya sami danshin da zai tsira.

Bari in bi muku shekarar daki-daki. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, mangwaro ke cika da fure har ƙudan zuma su dame shi. Rimi ma a lokacin ya ke yi, bayan ya kakkaɓe ganyensa, furensa kuwa da dare ya ke buɗewa, jemagu ne ke zuwa shan zaƙinsa. Gurjiya, wadda ta fi yawa a kudancin ƙasar Katsina, ta kan fito da fure ja wur a kan rassan da ba ganye ko ɗaya. A cikin gida kuma akwai kariya, ɗan itacen nan mai kaurin gindi da fure ja-ja mai haske. Masu lambu a ƙasashen Turai da Asiya suna sayenta da tsada don ado, mu kuwa muna wuce ta ba ko waiwaye. Sai dai a lura, ruwanta dafi ne, kada a bar yara su yi wasa da ita.

Da bazara ta gabato, wajen Fabrairu da Maris, sai ɗorawa ta rataya jajayen furanninta kamar tuntun hula. Darbejiya kuma ta cika gari da ƙanshi, musamman da almuru. Ita darbejiyar nan baƙuwa ce, asalinta daga ƙasar Indiya, a shekarar 1928 aka fara dasa ta a Barno, ga shi yau ta fi kowane itace yawa a titunanmu. Da ruwa ya fara sauka wajen Yuni, kuka ke sako farin furenta mai faɗi, rataye da dogon sili. Da magariba ya ke buɗewa, kafin rana ta biyu ta faɗi ya yanƙwane ya zube. Wanda ke son hotonsa sai ya je da tocila bayan magariba, ko ya yi sammako.

Da damina ta nutsa, a Yuli da Agusta, aikin ya kan yi yawa. Furen kuɓewa rawaya ne mai jan ciki, wuni ɗaya ya ke yi. Na auduga ya kan buɗe fari-fari da safe, kashegari ya rikiɗe ya koma ja. Tafasa da rai-ɗore su rufe bakin hanya da rawaya, bado ya shimfiɗu a kan kududdufi. A gonakin gero da dawa kuma sai ka hangi wani kyakkyawan fure mai launin shuni-shuni, watau ƙuduji, wanda a ke kira wuta-wuta. Kada kyansa ya ruɗe ka. Saiwarsa a jikin saiwar dawa ta ke manne tana tsotse ta, tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Amfanin sanin ranar da ya ke fure shi ne a tuge shi a ƙone kafin ya zubar da iri.

Da kaka, wajen Oktoba, yakuwa ke fure, daga nan a sami soɓorodo. A lokacin ne kuma gawo, mai saɓa wa sauran itatuwa, ke fito da sabon ganye da fure, bayan ya wuni damina duka tsirara. Don haka ne manoma ba su sare shi: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Zogale da tumfafiya kuwa kusan duk shekara ba a rasa su da fure.

Ga wanda ke so ya gwada, ba sai ya sayi kyamara mai tsada ba, wayar hannunsa ta isa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, ko kuwa bayan la'asar, domin ranar tsaka tana kashe launi, farin fure ya fito kamar takarda. Da safe kuma iska ba ta tashi ba, reshe ba ya rawa. Hazon hunturu yana tausasa haske, hoto ya yi kyau, amma ƙura tana dushe gilashin, sai a riƙa share shi da ƙyalle mai laushi. In furen fari ne, a sa baƙin zane a bayansa. A ajiye kuɗin ƙarfe ko ashana kusa da shi don a gane girmansa. Kowane itace a yi masa hoto uku, na itacen duka, da na ganye, da na furen. In lambun wani ne, kamar na masu noman rani a wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, a yi sallama a nemi izini tukuna. Abin da ya fi duka kuwa shi ne a wanke hoton a manna shi a littafi, a rubuta sunan itacen da Hausa, da wurin da ya ke, da kwanan wata. Waya tana ɓata, tana lalacewa, amma littafi yana jiran jikoki.

Wani zai ce, to, me kwanan watan zai amfana? A birnin Kyoto na ƙasar Japan akwai wani itace da su ke yi wa biki in ya yi fure. Fadawa da malamansu sun yi ta rubuta ranar bikin nan fiye da shekara 1,000. Da masana suka tattara rubuce-rubucen, sai suka ga furen yana ta ƙara saurin fitowa saboda zafi ya ƙaru, har a shekarar 2021 ya cika tun ran 26 ga Maris, abin da ba a taɓa gani ba kafin wannan shekara. Waɗanda suka rubuta ba su san za a yi amfani da shi haka ba, sun dai rubuta abin da suka gani. Mu ma dattawanmu suna cewa damina ta sake hali tun farin 1973 da na 1984, kuma gaskiya su ke faɗi, amma ina shaidar da za mu nuna? Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin kunya a kanmu. Littafin da ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa, wani likita ne Bature, Dalziel, ya wallafa shi a shekarar 1916. Shi baƙo ya zauna ya tambayi makiyaya da masu magani ya rubuta, mu 'yan gida masu alƙalami a hannu yau da yawa cikinmu ba za su iya bambanta marke da kanya ba. Itatuwan kansu kuma tafiya su ke yi. Sa'ad da Barth ya zo Katsina a shekarar 1851, ya tarar da yawancin filin da ke cikin ganuwa ba gidaje. Yanzu gidaje sun cika shi sun tsallake ƙofofi, gonaki da lambuna sun zama filoti. Akwai wata tsohuwar kuka da na ɗauki furenta damina biyu a jere, ta uku na tarar an sare ta an kafa shaguna a wurin. Hotuna shida da ke cikin littafina su ne kaɗai abin da ya rage nata. Tun shekarar 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin dasa katangar itatuwa don tare hamada, Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Abu ne mai kyau, amma yaron da bai san sunan itace ba, bai san furensa ba, da wuya ya ji zafin sare shi.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta, kowane aji ya zaɓi itace ɗaya a harabar makaranta ko a unguwa, a riƙa duba shi kowace Alhamis, a ɗauki hotonsa, yara su rubuta ranar da ya fara fure da ranar da ya zubar. Akawuna kuma, mu da aikinmu ke nan ajiye lissafi, kowa ya riƙe na ƙofar ofishinsa. In na Daura ya rubuta, na Funtuwa ya rubuta, na Jibiya ya rubuta, muka aiko wa Edita a ƙarshen shekara, za mu ga ko kwana nawa ne tsakanin furen ɗorawar kudu da ta arewa. Bayan shekara 20 kuwa 'ya'yanmu za su sami abin da mu ba mu gada ba. Wanda ya san wani suna na fure da a ke faɗi a garinsu dabam da wanda na ambata, don Allah ya rubuto mu ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Birnin Katsina.