Gammon bakin bututu

Shekara ashirin da biyu ke nan ina kawo albasar Galmi Kumasi, amma asarar da ta fi tsaya mini a rai, rowata ce ta jawo ta.

Bututun ƙarfen da ke tsakanin lagireto da injin motata ne ya yi tsatsa. Don gudun kashe kuɗi sai na yanko wani mai kaurinsa, na sa babban ɗana ya zura tiyo ya ɗaure. Tsakanin Tamale da Kintampo tiyon ya suɓuce, ruwa ya tsiyaye, inji ya yi zafi ya tsaya. Kwana huɗu albasa tana gumi cikin buhu. Da muka iso, kusan sulusi muka zubar. A gaban 'yan dako na yi wa yaron tatas, na ce bai ɗaure da kyau ba. Bai ce uffan ba.

Wani dattijon bakanike a Suame Magazine ya shafa bakin bututun ya ce, "Alhaji, ina tudunsa? Ko Sarkin Ƙarfi ne ya ɗaure wannan, sai ya fita." Ashe in ruwa ya yi zafi, roba laushi take yi, matsin ruwan kuma yana tura ta waje. Ɗan tudun da ya zagaye bakin bututu, wanda ni nake kira gammo, shi ke tare maɗaurin, muddin a bayansa aka ɗaure.

Yanzu a zauren gidana nake yinsa. Filaya mai kulle na kai wa mai walda, ya liƙa washa mai kauri a leɓe ɗaya, ɗayan kuma ƙarfe mai kwarmi. Washar tana shiga ciki, kamar milimita 6 daga baki. Ka matse, ka gusa kaɗan, ka sake matsewa har ka zagayo. Sai ka ɗan ƙara wa filayar ƙarfi ka sake zagaye, sau uku ko huɗu, har tudun ya kai milimita 2. Mai gaggawa tsaga bututun yake yi, musamman na alminiyam. A ƙarshe ka goge kaifin bakin, kada ya yanki tiyo.

Ran da na yi na farko, ɗan nawa na miƙa wa, na ce ya ja tiyon iya ƙarfinsa. Ya ja, bai motsa ba. Na ce, "Laifina ne ran nan, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, ya wuce." Wallahi faɗin wannan ya fi mini lanƙwasa ƙarfen wuya.