Yatsa Biyu a Bayan Igiya

Tun da na dawo daga ƙasar Finlan, duk wanda ya tare ni da tambaya, to ko dai a kan sanyi ne, ko kuwa a kan yadda mutum ke gane lokacin Magariba da Isha'i a garin da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare a watan Yuni. Ina ba su amsa gwargwadon iko. Sai dai akwai wani labari da na daɗe ina kewaye shi, ko ɗalibaina da nake cika wa kunne da labaran tafiyar ban taɓa ba su shi ba. Yau na ga ya dace in fitar da shi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wata shida na yi a birnin Tampere ina wani bincike. Birni ne da ke zaune tsakanin manyan tafkuna biyu, kuma a gefensa garin Nokia yake, wanda kamfanin wayar nan da muka sani ya samo sunansa daga gare shi. Wanda muke ofis ɗaya da shi mutum ne mai tsadar magana, sai mu wuni bai furta abin da ya wuce gaisuwa ba. Wata ranar Juma'a da yamma ya ciro wasu faya-fayan roba guda uku daga jakarsa ya ajiye a kan teburina, ya ce in ina so gobe in biyo shi daji. Haka na shiga wasan da su ke kira frisbeegolf, ni kuwa na raɗa masa golf ɗin faifai.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ya ɗauko tsarin golf ne, amma babu sanda, babu ƙwallo, babu rami. Faifai ne na roba mai faɗin kimanin santimita 21, wanda doka ta hana nauyinsa ya wuce giram 200. Akwai mai kaifin baki na cin dogon zango, akwai matsakaici, akwai mai kaurin baki na kusa. Abin da ake nufa kuwa wani kwandon ƙarfe ne a jikin turke, da sarƙoƙi rataye a samansa, waɗanda ke tare faifan su zubo shi ciki. Daga inda faifanka ya faɗi, daga nan za ka sake jifa, har ya shiga kwando. Cikakken fili yana da zango 18, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani. A Amurka wasan ya samu wannan siffa: a 1975 wani Ed Headrick ya shirya fili na farko na dindindin a yankin Pasadena ta jihar Kalifoniya, a 1976 ya kafa ƙungiyar wasan, shi ne kuma ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa. Amma mutanen Finlan sun rungume shi kamar gadonsu. Da wuya ka je gari ka rasa fili, akasari kuma kyauta ake shiga, har ma a garin Nokia ɗin nan an sha yin ɗaya daga cikin manyan gasannin Turai.

Makonnin farko na sha wuya. Faifai ba ya jin Turanci, ba ya kuma sanin digiri. In ka sa ƙarfi, ya karkace ya bi son ransa. In ka ɗaga bakinsa sama kaɗan, iska ta ɗauke shi ta kifar a hagu. Babu itacen da ban gaisa da shi ba a dajin nan. A hankali na fahimci cewa daga ƙugu jifan ke tasowa, hannu rakiya kawai yake yi. Bayan wata biyu na fara jin kaina, har da abokin nawa ya ce ƙungiyar unguwarsu za ta yi ƙaramar gasa ranar Asabar, ban yi wata-wata ba na biya Yuro 10 na sa sunana a rukunin 'yan koyo.

Ranar gasar gari ya waye tangaran, sai dai sauro kamar an yi gayya. Aka raba mu huɗu-huɗu. A tawagarmu akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin tuƙin bas, da wata ma'aikaciyar jinya, da wani yaro ɗan shekara 14 wanda jakar faya-fayansa ta kusa rinjayarsa, sai ni. Na yi ta waige ina neman alƙalin wasa, ban ga kowa da usur ba. Da na tambaya, dattijon ya nuna mu huɗun da yatsa. A wannan wasa 'yan tawaga su ne alƙalan juna. Bayan kowane zango mai riƙe da kati zai kira sunanka, kai ne za ka faɗi adadin jifanka da bakinka, a rubuta. Mai shirya gasar yana can bakin hanya a ƙarƙashin laima yana dafa kofi.

Zango goma na farko sun zo mini da sa'a irin wadda ban taɓa gani ba. Da na saci kallon katin, sai na ga ashe ina iya shiga cikin ukun farko na rukuninmu. Ladan kuwa bai wuce faifai sabo guda ɗaya ba. Amma zuciya ba ta duba girman lada. Tuni na fara tsara yadda zan ba da labari a ɗakin shan shayin malamai in na koma gida.

A zango na 11 aka yi ta. Kwandon yana bayan wani ɗan tudu, an kuma shimfiɗa farar igiya a ƙasa ta gefen dama domin nuna iyakar fili. Dokar a bayyane take: faifan da ya kwanta gaba ɗayansa a waje, an ci mai shi tarar jifa ɗaya; in kuwa ko gefensa ya taɓa cikin fili, ya tsira. Nawa ya haye tudun ya ɓace wa ganinmu. Na ma'aikaciyar jinyar kuma ya faɗa cikin ƙurmi ta hagu, sauran ukun suka duƙufa nemansa, domin minti uku kacal doka ta bayar kafin a ce faifai ya ɓata. Ni kaɗai na gangara bayan tudun.

Na same shi kwance a bayan igiya. Tsakaninsa da ita bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na waiga, babu kowa, sai muryoyinsu can nesa. Da a ce zan iya rubuta cewa na tsaya na yi dogon kokawa da zuciyata, da na ji daɗi. Gaskiyar magana ita ce ban yi ba. Kafin in gama tunani, bakin takalmina ya riga ya tura faifan, ya hau igiyar ya leƙa cikin fili. Da suka iso, dattijon ya duƙa ya duba, ya ce, “Yana ciki. Ka yi sa'a.” Na yi murmushi. Na gama zangon da jifa uku.

Mai karatu, shekarata arba'in da 'yan kai, ina da iyali, ina da digirin digirgir, ɗalibai na miƙewa tsaye in na shiga aji. Ga ni a cikin dajin mutane na yi satar yatsa biyu saboda faifan roba.

A zango na gaba dattijon ne riƙe da kati. Da ya zo kan yaron, bai jira amsa ba ya ce, “Uku ko?” Dukkanmu uku muka ƙirga masa. Yaron ya girgiza kai ya ce huɗu ne, akwai jifa guda da ya yi a bayan duwatsu, faifan ya bugi reshe ya dawo gabansa, ba mu gani ba. Dattijon ya rubuta huɗu. Babu wanda ya yaba masa, shi ma bai nuna alamar ya yi wani abin a zo a gani ba. Ya saɓi jakarsa ya wuce yana korar sauro. Wannan halin-ko-in-kula nasa ya fi komai dukana. Da wa'azi ya yi mini, da na samu abin musu.

Nan take wata fuska ta faɗo mini. Shekara guda kafin tafiyata, na zauna a kwamitin da ke bincikar satar jarrabawa a tsangayarmu. Aka kawo wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe da aka kama da 'yar takarda a cikin safa. Ya durƙusa yana cewa, “Ranka ya daɗe, Malam, wallahi ban san lokacin da na sa ta ba, ban ma buɗe ta ba.” Ni ne na fi kowa zafi a zaman nan. Na ce masa babu wanda hannunsa ke aiki ba da saninsa ba. Ga shi yau ƙafata ta ƙaryata ni. Shi aƙalla shekara huɗu na wahalar iyayensa yake tsoron asara. Ni fa? Lallai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Zango biyu na yi ina jifa kamar hannun ba nawa ba. A bakin na 15 na tsayar da su na faɗi abin da na yi. Shiru ya biyo baya, irin shirun mutanen ƙasar nan mai nauyin dutse. Ma'aikaciyar jinyar ta dubi ƙasa. Dattijon ya ce wannan ya fi ƙarfin tawaga, sai mai shirya gasa, amma mu ƙarasa tukuna. Sannan ya ce, “Layinka ne, jefa.” Muka ƙarasa. Mai shirya gasar ya saurare ni har na kai aya, ya ce kuskure daban, ganganci daban, don haka ba zai sa sunana cikin sakamako ba. Ya ja layi a kan sunan, ya miƙo mini kofin kofi, ya ce akwai wata gasar bayan mako biyu, in ina so in zo. Ban taɓa shan hukunci mai sauƙi da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Ba ina cewa mutanen can mala'iku ba ne; da babu masu maguɗi a cikinsu, da ba a rubuta dokar kora ba. Abin da na gano game da kaina ne. Tun daga firamare har zuwa ranar da na kare kundina na ƙarshe, ban taɓa rubuta jarrabawa ba tare da wani yana tsaye a kaina ba. Na girma ina ɗaukar cewa ni mai gaskiya ne, alhali abin da na tabbatar kawai shi ne ni mai tsoron kamu ne. Ranar farko da aka janye mai gadi, aka bar ni da igiya da faifai, sai na faɗi.

Haka kuma muke renon ɗalibanmu. Kowace shekara muna ƙara masu sa ido a zauren jarrabawa, muna laluben aljihu, muna cire takalma, muna sa wani ya sa ido a kan mai sa idon. Ban ce a daina ba, domin na san halin da muke ciki. Amma duk wannan yana koya wa yaro abu guda ne: gaskiya aikin mai gadi ce, shi nasa aikin neman inda gadin ya yi rauni. Sai mu ba shi takardar shaida mai cewa ya cancanta a ilimi da ɗabi'a, mu tura shi ofishin da zai riƙe baitulmali, ko ɗakin magani, ko takardun sakamakon zaɓe, wuraren da sau da yawa babu kowa a bayan tudun sai shi da Mahaliccinsa. Yaron nan ɗan shekara 14 ba a ranar ya koyi cewa “huɗu” ba. Ya faɗe ta sau ɗaruruwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, har ta zame masa jiki. Mu kuwa ba mu ba 'ya'yanmu ƙananan wuraren da za su gwada wannan ba, sai mu jira su a manya.

Da na dawo, na fara wani ɗan gwaji. A ƙananan gwaje-gwajen aji masu maki biyar, nakan rubuta amsoshi a allo in ce kowa ya duba takardarsa da kansa ya faɗi makinsa. Na san wasu na ƙarawa. Amma a zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba ta biyo ni ofis ta ce, “Malam, uku na ci, ba huɗu ba, na yi kuskuren lissafi.” Na gyara, ban yabe ta ba, kamar yadda dattijon nan bai yabi yaron ba. Sai da ta fita na jima ina kallon ƙofar.

Har yanzu ina zama a kwamitin, kuma har yanzu ina sa hannu a hukunta wanda ya yi laifi, domin ni ma an ja layi a kan sunana kuma na san daidai aka yi. Abin da ya sauya shi ne muryar da nake magana da ita. Gasar bayan mako biyun kuwa na je, na zo na biyun ƙarshe, kowane jifa a ƙirge. Katin yana cikin durowar ofishina, kusa da jan biron da nake duba takardun ɗalibai da shi. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu a inda babu mai ganinmu sai Shi.