Dambu a bakin ƙofa

A garinmu magidanci ba ya cin abinci a kasuwa. Wanda aka gani gurfane gaban mai tuwo, sai a ce ko gwauro ne, ko kuwa uwargida ta yi yaji. Da wannan tarbiyya na zo Yamai aikin koyarwa, kuma har yau in zan shiga gidan abinci a Filato sai na waiga, kamar wanda ake bi bashi.

Filato unguwa ce da Turawan Faransa suka keɓe wa kansu bisa tudu, inda iskar kogin Isa ke kaɗawa, lokacin da babban birni ya baro Damagaram a 1926. Ma'aikatun gwamnati suka gaje su, sannan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji. Gidajen abincin unguwar don waɗannan aka buɗe su, kuma takardar da ake miƙo maka ta isa shaida: taliyar Italiya, shawarmar Labanan, shinkafar Senegal. Giwan ruwa, kifin koginmu, yana ciki, amma da sunan Faransanci. Dambu kuwa yana waje, gindin dogon yaro, cikin roba, wajen wata baiwar Allah da ke haɗa shi da zogale da ƙuliƙuli. Masinja da darekta duk nata suke ci. Shi darekta aike yake yi.

Ban san abin yana damuna ba sai da taron malamai ya kai ni Tunis. Da yamma abokan aiki suka sa mu a ƙaramin jirgin ƙasa zuwa Halƙul Wadi, wadda Faransawa ke kira La Goulette, a bakin teku. Tebura jere har kan titi, iyali guda tun daga kaka har jariri, ana cin soyayyen kifi da kuskus, ba mai sunkuyar da kai. Na dubi kuskus ɗin da kyau. Tsaki ne aka turara a madambaci, ɗan'uwan dambu na jini. Shi ne UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2020, da sunan Aljeriya da Maroko da Muritaniya da Tunisiya.

Ba na raina kunyarmu, tana da dalili. Ƙasar da ta san fari da yunwa ba ta son a tauna a idon wanda bai ci ba, kuma bismillar da muke yi wa duk mai wucewa ba ta ratsa gilashi ta kai ga almajirin da ke tsaye a waje. Sai dai kunyar nan ce ta bar girkin iyayenmu mata ba tebur, ba suna a takarda.

Bara ƙungiyarmu ta karɓi baƙi daga Magrib, muka haɗa kuɗi muka kai su Filato, aka kawo fiza. Da fitowarmu ɗayansu ya tsaya gaban robar matar nan, ya ɗebi tsakin ya murza a yatsa, ya tambayi sunansa.