Kula Mai Ruwan Goro a Garejin Maƙwabcina

Ni ba mashayin giya ba ne, amma a shekarun da na yi karatu a Madison, jihar Wisconsin ta Amurka, na koyi abu mai yawa game da hatsi da zafi a hannun wani dattijo maƙwabcina da ke dafa tasa a gareji. Tun 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa Amurkawa dafa giya a gida, shi kuwa dattijon yana cikin waɗanda ba su yarda da sayen haɗaɗɗen ruwan tsiro na gwangwani ba. Daga tsabar sha'ir yake farawa.

Aikin nan duk a kan zafi ya rataya. Ana zuba barzajjen tsiron sha'ir a ruwa mai ɗumi, a bar shi kamar awa guda tsakanin digiri 63 da 70, sinadaran da ke cikin tsiron su narkar da sitaci ya koma sukari. In zafin ya tsaya wajen 64, sukarin da yis zai cinye ya fi yawa. In ya kusanci 70, ruwan ya fi kauri da zaƙi. Tukunya a kan wuta ba ta iya wannan haƙurin, ko ta ƙona gindi ko ta huce. Shi ya sa masu dafa giya a gida suka koma ga kula, irin wadda ake zuba ruwan sanyi a filin ƙwallo. Abin da ke tsare sanyi shi ke tsare zafi.

Na raka shi kanti lokacin da tsohuwar kularsa ta tsage, kuma ban taɓa ganin mutum ya daɗe a kan zaɓen roba haka ba. Ya ƙi mai galan 5, domin da ƙyar take ɗaukar kilo biyar da rabi na hatsi tare da ruwansa. Ya daɗe yana shafa doguwar Coleman mai kusurwa huɗu, wadda ta fi arha kuma ta fi sauƙin juya hatsi. Daga ƙarshe ya ɗauki zagayayyar Rubbermaid mai galan 10, ruwan goro, saboda hatsi ya fi yin tudu a cikinta, tudun kuwa shi ne matata. A gida ya cire famfon robar, ya ɗaura na ƙarfe, ya shimfiɗa faifan ƙarfe mai huji-huji a gindi. Kafin ya zuba komai sai ya ɗauraye ta da ruwan zafi, sannan ya zuba ruwa da hatsi, ya rufe, ya lulluɓa mata tsohon bargo. Bayan awa guda, a cikin hunturun Wisconsin, digiri ɗaya ko biyu kawai ke raguwa.

Rabona shi ne kofin farko da ya tsiyayo, tun kafin a tafasa a sa yis, babu ko ɗigon barasa. Ɗanɗanonsa kamar Maltina mai ɗumi. A nan na gane abin da kakata ke yi in ta zuba niƙaƙƙen tsiro ko busasshen dankali a kunun zaƙi bayan ya ɗan huce, ta rufe ya kwana. Ilimin ɗaya ne, sai dai ita bayan hannunta ne ma'aunin zafinta.

Yanzu injunan lantarki irin su Grainfather sun shigo, ka danna lamba su riƙe maka zafin. Suna aiki da kyau. Amma wanda ya fara da kula dole ya lissafa zafin ruwansa tun kafin ya zuba hatsi, don in ya rufe murfi gyara ya yi wuya. A ganina har yau ita ce ta fi koyar da mai koyo, kuma mai galan 10 ce ta cancanci kuɗinta.